Watandar Maganin Gwiwa

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa ƴaƴan mutane lissafi a lakkal, daga Tasawa har Yamai, kuma a cikin lissafin ma rabawa na fi ƙwarewa. Da na aje aiki gwamnati ta sallame ni da takardar godiya, gwiwoyina kuma suka sallame ni ba takarda. Ta dama ce ta fara kumbura, ta hagu ta ga abin ya karɓe ta, ta bi sahu. Shekara huɗu ke nan ina sallah a kan farar kujerar roba a masallacin unguwarmu ta Bobiel, can baya kusa da takalman mutane. Sunana Abdoulkarim, amma Mushe, wato malamin makaranta, kowa ke ce mini.

Ina da ƴa, ƴar fari. Sunanta ba ya fita daga bakina, haka muka taso muka tarar. Amma alƙalami ba baki ba ne, don haka ga shi sau ɗaya: Balkissa. Lokotoro, wato likita, nake ce mata, shi ma a bayan idonta. In ina da magana da ita, uwarta Zuwera nake gaya wa, ko da yarinyar tana zaune a tsakaninmu tana jin komai.

Haɗa magunguna ta karanta. Ta shekara uku a wani ɗakin bincike tana fama da sabon man shafawa na kumburi da ciwon gaɓoɓi. Dangin kortizon ne, in ji ta. Irin na da suna kashe kumburi, amma in an daɗe ana shafa su fata takan yi laushi ta ɗashe. Nata an sake masa gini ne don ya yi aikinsa a gaɓa ya ƙyale fata. An gwada shi a kan ɓeraye, ɓerayen ba su kawo ƙara ba. An shafa wa masu lafiya, ba abin da ya same su. Saura a ga ko yana yi wa masu ciwo amfani. In ya yi, kwamiti ya ba ta izinin babban gwaji, ta kuma karɓi digirinta. In bai yi ba, a kulle shi a kabad, shekara ukunta ta bi shi ciki.

Masu ciwon gwiwa take nema. Ni kuwa ina da fada. Mu goma sha biyu ne, muna zama ƙarƙashin itacen dogon yaro bayan la'asar muna shan shayi, gwiwa ashirin da huɗu, ba mai lafiya ko ɗaya. Sai na ce wa Zuwera ta gaya wa Lokotoro kada ta wahalar da kanta da yawo.

Ranar wata Asabar ta zo fadar da takardu da wani kwali. Ta durƙusa ta gaida iyayenta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta fito da ƴan robobi goma sha biyu masu murfi, kowace da lambarta. Ta yi bayani dalla-dalla. Shida akwai maganin a ciki. Shida kuwa man shafawa ne zalla, fanko, amma kala ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ba wanda ya san wanne ne wanne, har ita kanta. Takardar tana cikin ambulan a kulle a wajen Farfesan da ke duba aikinta. Bayan mako huɗu za a buɗe, a gwada waɗannan shida da waɗancan shida. In masu maganin sun fi samun sauƙi, to magani yana aiki.

Illo ya ɗaga hannu. Mutumin Tawa ne, itacen gini yake sayarwa a kasuwar Katako, kuma tun da na san shi bai taɓa barin magana ta wuce shi ba tare da ya taɓa ta ba.

"Ƴata, wannan ba irin man da mata ke shafawa su koma kamar gwanda ba ne? Kada in shiga gida da gwiwa fara, iyali su tambaye ni wajen wa na aro ta."

"Dangi ɗaya ne, Baba Illo, amma shi wannan don gudun haka aka yi shi. Duk mako zan zo in duba fatar."

Ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambaya yaya gwiwa. Kowa ya ce da sauƙi. Musa direba, wanda sai da mutum biyu suka sauko da shi daga kabu-kabu a ranar, shi ma ya ce da sauƙi, Alhamdu lillahi. Ashe ta san halin iyayenta. Ta zaro igiyar awo irin ta tela ta auna kowace gwiwa, sannan ta shimfiɗa tabarma ta ce kowa ya zauna ya tashi, ita kuma tana duban agogo. Illo ya tashi a sakan goma sha tara da "Ya Salam" uku. Ni ashirin da shida na yi, amma cikin mutunci.

Muka sa hannu a takardu. Da za ta tafi ta ce, "Don Allah, iyayena, abu ɗaya. Kowa ya shafa nasa, safe da yamma. Kada wanda ya ba wani, ko lakuce ɗaya ne."

Muka ce to. A fadarmu "to" na nufin mun ji ana magana.

Kwana uku aka yi lafiya. A rana ta huɗu Sulaiman tela, mai shago a Wadata, ya zo yana tafe yana wani ƙwambo, ya ce jiya ya taka keken ɗinki har sau arba'in bai ji komai ba. Illo ya aje kofin shayinsa.

"Ni nawa fanko ne. Na sansana, na lasa, na shafa wa akuya. Ba komai a ciki."

"Ai an ce ƙamshinsu ɗaya," in ji Musa.

"An ce! Kai Mushe, tashi mu gani."

Na tashi. Ban san abin da ya shiga gwiwar a ranar ba, sai ga ni tsaye ba tare da na dafa kowa ba.

"Kun gani ko?" in ji Illo. "Wace ƴa ce za ta ba ubanta fanko? Shi da aminansa an ba su na gaske, mu ƴan Tawa an ba mu man kitso. Tun yaushe a fadar nan mutum shida ke ci, shida na kallo?"

Nan fa aka kaure. Wanda gwiwarsa ta yi sauƙi ya ji kunya, wanda tasa ba ta yi ba ya ji haushi. Musa ya ce shi dai ko ƙwai ɗaya aka kawo fadar nan yanka shi ake yi sha biyu. Gaskiya ya faɗa, an taɓa yi, ni na yanka.

Domin ni ne mai rabo. Duk jajibirin ƙaramar sallah mukan haɗu mu sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi goma sha biyu. Watanda ke nan, kuma shekara goma sha tara ni ke kasawa. Kowane kashi da hantarsa da tumbinsa da ƙashinsa, ba a taɓa samun wanda ya ce an cuce shi ba, har Illo. Shi ne abu ɗaya da na rage ina taƙama da shi a duniya. Yanzu ga shi ana cewa gidana ya ci amanar fada.

Na yi gyaran murya. Na ce, "Jama'a, matsalar lissafi ce, ba ta faɗa ba. Shida cike, shida fanko, mutum sha biyu. Ɗan aji uku ma ya san amsar."

Na shiga gida na ɗauko langar da Zuwera ke kwaɓa fanke da muciyarta.

"Me za ka yi da muciya," in ji ta, "kai da ba ka san ta ina ake hura murhu ba?"

"Aikin kimiyya ne."

Kowa ya kawo robarsa. Muka kwashe su tas a cikin langa, na tuƙa. Na tuƙa ta dama, na tuƙa ta hagu, Sulaiman yana riƙe da langar, Illo yana tsaye a kaina kada in ɓoye na gasken a gefe. Da ya haɗu sumul, na kasa shi kashi sha biyu a babban faranti. Duk da cewa abu ɗaya ne, Illo ya ce sai an yi yadda aka saba. Musa ya juya baya, ina nuna kashi yana kiran suna. Sannan kowa ya mayar da rabonsa cikin robarsa mai lambarsa, muka duba sau biyu, don kada mu ɓata wa yarinya tsarinta.

Aka yi fatiha. Illo ya rungume ni. Na koma gida ina jin na gyara wa kimiyya wani kuskure da ta daɗe ba ta lura da shi ba.

Zuwera ta karɓi langarta, ta sansana, ta dube ni. Ta lakuce abin da ya rage a gindinta ta shafa a wuyan hannunta, ta ce ladan langa ne.

"Yarinyar nan ta sani?"

"Ba a damun masu ilimi da ƙananan abubuwa."

Ba ta ce komai ba. Zuwera in ba ta ce komai ba, ajiya ta yi.

Mako huɗu muka yi muna shafawa. Duk Asabar Lokotoro ta zo da igiyar awonta da agogonta, ta duba fata, ta rubuta. Kowa ya samu sauƙi, amma sauƙin wani iri ne, kamar an biya rabin hanya an sauke mutum. Musa ya iya hawa kabu-kabu shi kaɗai, sauka ce sai an taimaka. Sulaiman yana taka keke da safe, da rana ya koma ɗinkin hannu. Ni kuwa a mako na uku na ga lokaci ya yi. Na ture kujera a sallar azahar, na shiga sahu na biyu kamar kowa. Ruku'u ya zo lafiya. Na sauka sujada kamar saurayi. Goshina ya taɓa ƙasa karo na farko cikin shekara huɗu, har ƙwalla ta zo mini. Liman ya yi kabbara, jama'a suka tashi. Ni ban tashi ba. Aka yi raka'a ta biyu, ta uku, ta huɗu, ina nan. Da aka sallame mutum biyu suka ɗaga ni kamar buhun gero. Wani baƙo da ya ga abin daga baya ya biyo ni har bakin ƙofa yana roƙon in sa shi a addu'a.

Ranar Juma'ar da aka buɗe ambulan, Lokotoro ta dawo gida tun kafin la'asar. Ta zauna a tsakar gida da jakarta a cinya, ba ta cire takalmi ba. Zuwera ta aje mata shinkafa, ba ta duba ba.

"Inna, bai yi ba."

"Me ne ne bai yi ba?"

"Maganin. Masu shi da masu fanko duk ɗaya. Ko santimita ɗaya ba su bambanta ba. Ban taɓa ganin lissafin da ya zo daidai haka ba, kamar da gangan aka raba."

Ina gefe a kan tabarma da rediyo a kunne. Sai na ji wani abu mai kama da alfahari ya taso mini, ya haɗu da wani abu mai kama da zawo, suka tsaya a tsakiya.

"Ran Litinin zan kai wa Farfesa rahoto," in ji ta. "In rubuta da hannuna cewa bai fi man banza ba. Shi ke nan. Akwai wata farmasi a Wadata da ke neman mai tsayawa kanta." Ta yi dariya wadda ba ta dariya ba. "Shekara uku, Inna."

Ta shiga ɗaki. Zuwera ta tashi, ta shiga madafa, ta fito da langar da muciyar, ta aje su a gabana a kan tabarma, ta koma bakin aikinta.

Na tafi fada. Na gaya musu abin da ake ciki. 

"Wato da ba mu gauraya ba," in ji Sulaiman a hankali, "da an ga bambanci?"

"Wataƙila."

"To ai ba ta ce kada a gauraya ba," in ji Illo. "Cewa ta yi kada wani ya ba wani. Wa ya ba wani? Kowa langa ya ba."

"Rufe mana baki, Illo," in ji Musa.

"Ni dai shawarata a yi shiru. Dattawa sha biyu, da gemu da jikoki, a ce sun tuƙa maganin likita da muciya? Gobe a Katako ko ƙusa ba zan iya sayarwa ba. Kai kuma Mushe, da wane baki za ka gaya mata? Kai da ko sannu ba ka taɓa ce mata ba?"

Wannan ma gaskiya ce. Shekara talatin ban taɓa duban yarinyar nan na yi mata magana kai tsaye ba, balle in ce na yi kuskure. Ranar Asabar na tashi na tarar da langar a bakin ƙofar ɗakina. Na kewaye ta. Da rana na same ta a kan kujerar da nake zama. Ranar Lahadi da safe a cikinta Zuwera ta kawo mini koko.

Da hantsi Lokotoro ta fito tsakar gida da kwamfutarta, ta fara rubuta rahoton. Ina jin ƙarar maɓallan, kowane ɗaya kamar a gwiwata ake buga shi. Zuwera tana tsintar wake. Na ɗauko guntun alli, don har yanzu ban rabu da shi a aljihu ba, na tsaya a jikin bangon madafa kamar ina gaban aji.

"Zuwera, ga wani lissafi. Ki gaya wa Lokotoro. A ce mutum yana da roba goma sha biyu, shida cike, shida fanko."

"Ga ta nan," in ji Zuwera, ba ta ɗago ba. "Kunnenta biyu, duk suna aiki."

"A ce kuma," na ci gaba, ina zana robobin a bango, "wannan mutum, da kyakkyawar niyya, don gudun fitina a tsakanin Musulmi, ya juye su duka a wuri ɗaya."

Ƙarar maɓallai ta tsaya.

"Ki tambaye ta, kowane mutum nawa zai samu?"

"Ban iya lissafi ba," in ji Zuwera. "Wake nake tsinta."

Ba yadda zan yi. Na juya. Na dubi ƴata, ido cikin ido, na ga ashe tana da ɗan tabo a gira wanda ban san da shi ba.

"Ni ne mutumin," na ce. "Ni na gauraya. Rana ta huɗu."

Ta daɗe tana kallona. Ta kalli zanen da ke bango, ta kalli langar.

"Baba. Da me?"

"Da muciya."

"Duka sha biyun?"

"Ba wanda aka cuta. Kowa ya samu daidai."

Ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suka kama rawa. Na ɗauka kuka take, na fara neman hanyar fita, sai na ji wani sauti ya kuɓuce mata kamar na buta. Dariya ce da kuka a gauraye, su ma an tuƙa su sumul.

"Wato kwana biyu ina zaman makokin maganin da ba a ma gwada ba," in ji ta da ta samu numfashi. "Baba, wannan takardar ba ta ce bai yi ba. Ba ta ce komai ba. Mutum sha biyu ne suka shafa abu ɗaya." Ta share ido. "Amma Farfesa ba zai yarda da bakina ba. Zai ce na ga abu ya faɗi ne na ƙirƙiro labari. Gobe tare za mu je. Kai za ka faɗa."

"Ki gaya mata," na ce wa Zuwera, "ina da uzuri gobe."

"Da langar za ka je," in ji Zuwera.

Haka na shiga taksi ranar Litinin da babbar riga da hula, da langa a cinya da muciya a hannu. Direban ya tambaye ni ko suna ake yi. Farfesan ɗan siriri ne mai tabarau, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya karɓi muciyar ya jujjuya ta, ya tambaye ni minti nawa na yi ina tuƙi. Na ce kamar goma sha biyar. Ya ce ko injinsu ba ya haɗa abu ya yi daidai haka. Na ce na gode. Ya ce ba yabo ba ne. Sannan ya juya ga Lokotoro ya yi mata faɗa da Faransanci a kan sa ubanta da abokansa cikin gwaji, ya manta shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa da yaren.

Kwamiti ya yarda a sake, da sharaɗi. Roba ba za ta ƙara fita daga ɗakin binciken ba. Kowa ya zo da ƙafarsa safe da yamma a shafa masa. Ba ɗan fadarmu ko ɗaya. Kuma sababbin mutanen kada su kasance sun san juna. Wannan sharaɗin ne ya fi ba ta wuya. Wata biyu ta yi tana neman dattawa goma sha biyu a Yamai waɗanda ba su taɓa haɗuwa a wajen suna ko jana'iza ba.

Illo ya yi mako uku ba ya gaishe ni, sannan ya gaji, don ba wanda ke sauraron shi kamar ni.

Da aka buɗe ambulan na biyu, ina zaune a tsakar gida ta shigo. Wannan karon ta cire takalmi. Ba ta nemi uwarta ba, gabana ta zo ta durƙusa.

"Baba, ya yi. An ba ni babban gwajin."

Na buɗe baki in ce wa Zuwera ta gaya mata Allah ya yi albarka, sai na ga Zuwera ba ta nan. Dole na faɗa da kaina. Bai yi zafi kamar yadda na zata ba. Na ƙara da tambayar yaushe za a ba ni robata. Ta ce in komai ya tafi daidai, shekara huɗu ko biyar.

Na koma kan kujerata kusa da takalma. Amma ina cikin kundin digirinta, shafi na tamanin da bakwai, ƙarƙashin babin kurakuran da aka samu. Ba a faɗi suna ba, an dai ce "wani daga cikin masu sa kai". Akwai hoton langar. Na kai fada an zagaya da shi, kowa ya riƙe minti ɗaya daidai, ni na duba agogo.